Ƙirga mata daban, damawa da su daban

Satin da ya wuce ɗiyar yayana ta turo min hoton wata sanarwar ɗaukar aiki a WhatsApp, wani ƙaton kamfani ne na ƙasar waje mai rassa a ƙasashe barkatai, can ƙasan sanarwar an rubuta wai ana ƙarfafa wa mata da masu buƙata ta musamman gwiwa su nema. Yarinyar ta karanta kemistiri a jami'ar Danfodiyo, ta yi bautar ƙasa ta dawo gida Mabera, yau shekara guda kenan tana zaune. Ta ce min "Gwaggo don Allah wannan maganar da sunka rubuta da gaske suke ko ado ne kawai? In cika ko kar in ƙona datata a banza?" Ni ta tambaya saboda ta san na yi shekaru ina aiki da irin kamfunnan nan a nan Sakkwato, ɓangaren talla da rarraba kaya, muna yawo tsakanin Sakkwato da Kabi da Zamfara. Na ce mata ki cika ɗiyata, amma gaskiya amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, kuma na san ba ita kaɗai ke da wagga tambaya ba.

Wannan magana ta sanarwar daga tsarin da suke kira DEI a takardunsu ta fito, taƙaitaccen suna ne na turanci, magana ukku ce anka haɗa wuri guda. Ta farko a tara mutane iri-iri a wurin aiki, mace da namiji, musulmi da kirista, mai ƙafa da mai keke. Ta biyu adalci, wato albashi da ƙarin girma su bi aikin mutum kar su bi jinsinsa ko yarensa. Ta ukkun ita ce mu Hausawa muke da kalmarta tun tuni, a dama da kowa. Kuma duk wanda ya taɓa tsugunawa gaban mai fura a tsohuwar kasuwa ya san jera curi da nono da sikari cikin ƙwarya bai zama damu ba sai an sa ludayi an murje gudajin. Kamfunnan nan sun ƙware a ta farkon don ita ana ƙirga ta a sa a rahoton shekara, ta biyu suna taɓawa in doka ta matsa musu, ta ukkun kam nan ne gizo ke saƙa.

Kar wani ya ɗauka tausayin mata ne ya tashe su rana tsaka, doka ce ta fara koro su. A Amurka tun 1964 anka hana mai ɗaukar aiki nuna bambanci saboda launin fata ko addini ko jinsi ko asalin ƙasa, kuma ana kai ƙara kotu a ci kamfani tara mai nauyi. Norwe a 2003 ta ce manyan kamfunnan hannun jari dole mata su samu aƙalla kashi 40 cikin 100 na kujerun daraktoci, ta ba su wa'adi zuwa 2008. Birtaniya daga 2017 duk mai ma'aikata 250 ko fiye sai ya buga wa duniya tazarar da ke tsakanin albashin maza da na mata kowace shekara, Tarayyar Turai ma a 2022 ta bi sahun Norwe ta sa wa'adin tsakiyar 2026. To kamfanin da uwarsa ke Landan ko Faris sai abin ya zama al'adar gida, ya sa wa kansa taget na duniya gaba ɗaya, a aiko wa reshen Legas nasa kason, wani lokacin har a ɗaure alawus ɗin manyan manajoji na ƙarshen shekara da shi. Ga kuma maganar riba. Kamfanin ba da shawara na McKinsey daga 2015 ya yi ta fidda rahotanni cewa inda shugabanni ke gauraye an fi cin riba, kuma da wuya in zauna taron horaswa ba a haska mana wannan a bango ba. Daga baya wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Green da Hand, sunka maimaita lissafin da manyan kamfunna 500 na can, a 2024 sunka ce su ba su ga wannan alaƙar ba.

Ni wannan bai girgiza ni ba don hujjata a ƙofar zaure na samo ta. Wanda ya san garin nan ya san gidajen da ke da "ba shiga" a rubuce. Sabulu, magi, madara, omo, audugar mata, maganin sauro, wa ke cewa wanga ya fi wancan? Uwar gida ce, ko da maigida ke fidda kuɗin kuma yaro ake aike shago. Abokan aikina maza iyakarsu dila da mai shago, abin da mai shago ya faɗa musu shi za su rubuta su aika sama. Ni kuwa sallama kawai nake in shige har tsakar gida a shimfiɗa min tabarma a kawo ruwa, nan zan ji cewa ƙaramin ƙulli ake so don da canjin cefanen yini ake saye, nan zan ji hoton da ke jikin kwalin ne ya sa tsohuwar gida ta ce kar a sake shigo mata da shi, nan zan tarar da matar da ke sayar da kaya daga cikin ɗakinta fiye da mai tebur a bakin titi kuma sunanta ba ya littafin kowa. Kamfanin da ba shi da mace mai jin Hausa, rabin kasuwar Arewa lalube yake a duhu.

To ina matsalar take? A ma'aunin. Kowace ranar 8 ga Maris, ranar mata ta duniya, imel ke saukowa daga hedikwata da hotuna ana murna mata sun kai kashi kaza a kamfani, sai in ɗaga kai in dubi ofishinmu na nan, matan ba mu cika yatsun hannu guda ba. Lissafin nasu ba ƙarya suka yi ba, ma'aunin ne anka ƙera don ciwon wata ƙasa. Fom ɗin hedikwata gurbinsa kaɗan ne, mace ko namiji, fari ko baƙi, ɗan ƙasa ko baƙo. A wannan fom ɗin ɗiyar babban lauya da ta tashi a Ikoyi ta yi karatu a Ingila da ɗiyar manomin albasa ta Gwadabawa duk abu guda ne, mace 'yar Afirka, an cika gurbi an wuce. Ba ni da ƙorafi a kan 'yan uwanmu na kudu, sun yi karatu sun cancanta kuma da yawansu su sunka koya min aiki da hannunsu. Amma tsagar da ke jikin Najeriya ta yanki ce da yare da addini da aljihun uba, kuma duk ba su da gurbi a fom ɗin. Tsarin raba daidai da ke sashe na 14 na kundin tsarin mulkin 1999 hukumomin gwamnati ya shafa, kamfani mai zaman kansa ba ruwansa da shi. Ku dubi bankuna. A 2012 lokacin Sanusi Lamido Sanusi yana gwamnan babban banki anka sa musu ma'auni, mata kashi 30 a kujerun daraktoci kashi 40 a manyan muƙamai, bayan 'yan shekaru sai ga mata sun hau shugabancin Fidelity da GTBank da FCMB duk a 2021, Zenith a 2024. Abin farin ciki ne ƙwarai, kuma ya nuna in mai iko ya sa ma'auni ana motsawa. Amma a jera sunayen a duba, in an cire Halima Buba ta SunTrust, 'yan Arewa nawa za a samu?

Sannan ga wanda ya fi ci min rai, 'yan kwantiragi. Maigadi, direba, masu shara, masu lodi a difo, 'yan matan da ake tsayarwa bakin kanti suna tallar kaya cikin ranar watan Afrilu ta Sakkwato wadda ko kabu-kabu neman inuwa yake, duk waɗannan a takarda ba ma'aikatan kamfani ba ne, wani ɗan kwangila ne ya kawo su. Nan ne 'yan gari sunka fi yawa, nan ne matan da ba su da kowa sunka fi yawa, kuma duk kyawawan alkawurran da ke cikin littafin ma'aikata ba sa kaiwa kansu. Na ga wadda cikinta ya fito anka ce ta je ta huta in ta sauka za a neme ta, har na bar wurin ba a neme ta ba, rigar da take sawa kullum kuwa tambarin kamfanin ne gaba da baya.

Mu dawo bakin ƙofa inda ɗiyar yayana ke tsaye yanzu. Sanarwa ta ce kowa ya nema, amma sai an karanta sharuɗɗan. Galibi za a ce kar shekaru su wuce 26 ko 27. Yarinyar da ta shiga jami'ar gwamnati ta ci yajin aikin ASUU na 2020 wata tara, ta ci na 2022 wata takwas, ta jira kiran bautar ƙasa, ita da wadda ta yi jami'ar kuɗi ta fito da shekara 21 ba wuri guda sunka fara tseren ba. Jarabawar farko ta intanet ce mai agogo, netwok ya ɗauke ko a ɗauke wuta shi kenan an gama da ke. In kin tsallake a ce ki zo Legas jibi, tafiyar kusan kilomita 1,000, kuɗin mota da masauki daga aljihunki, ga uba zai ce da wa za ki, gidan wa za ki sauka. Ba wanda ya zauna ya ce mu hana 'yan Sakkwato, ƙofar ce kawai anka yanka daidai tsawon wasu. In an shiga intabiyu kuma sai harshe, turancinta daidai yake amma da karin Hausa, ga shi ta sunkuyar da kai tana magana a hankali sai a rubuta wai ba ta da kuzari, alhali a gidansu haka anka koya mata zama gaban manya. A Amurka an taɓa gwada abin a fili, masu bincike Bertrand da Mullainathan sunka aika takardun neman aiki na ƙirƙira kusan 5,000 a Boston da Chicago, ilimi da ƙwarewa iri guda suna kawai ya bambanta, masu sunan Turawa sunka samu kira fiye da masu sunan baƙaƙen fata da kashi 50 cikin 100, an buga sakamakon a 2004. Mu ma duk wanda ya taɓa zama teburin tace takardu ya san ido na faɗawa kan suna da jiha kafin ya kai ga sakamakon jarabawa, kuma wallahi ta kowane ɓangare ake yi har da namu.

Sai hijabi, wanda shi ne tambayar da iyaye ke fara yi. Gaskiya manyan kamfunnan waje ba kasafai suke rubuta hani ba a Najeriya, kuma iska ta canza tun bayan Firdaus Amasa da anka hana ta shiga zauren rantsar da lauyoyi a Disamban 2017 saboda hijabinta har sai Yulin 2018 anka rantsar da ita da shi, ga kuma hukuncin kotun ƙoli na Yunin 2022 da ya ba ɗalibai mata damar sa hijabi a makarantun Legas. A Amurka ma kotun ƙolinsu a 2015 ta ba Samantha Elauf gaskiya kan kamfanin tufafi na Abercrombie da ya ƙi ɗaukarta saboda ɗankwalinta, amma kotun Tarayyar Turai a 2017 ta ce kamfani na iya hana duk wata alamar addini in dokar ta shafi kowa. Kun ga kenan kalmar DEI guda ce amma ma'anarta ta danganta da inda uwar kamfanin take. Abin da ba a rubutawa shi ya fi yawa, a mayar da ke ofishin baya inda kwastoma ba zai gan ki ba, ko babban baƙo ya zo daga waje ya miƙo hannu ki dafe ƙirji ki gaishe shi sai a ce kin kunyata reshe. Inda nake ba kamfani gaskiya shi ne wurin inji. Zurmemen hijabi kusa da bel mai juyawa haɗari ne na rai, haka babbar riga, kuma maganinsa bai wuce tela ya ɗinka ƙarami mai kama kai launin yunifom ba. Inda anka tambayi matan da kansu cikin sati guda ake gama wannan magana.

Shiga ma ita ce mai sauƙi, zaman ne aiki. Claudia Goldin ta jami'ar Harvard da ta ci kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023 ta nuna cewa a ƙasashen da ta bincika mace da namiji masu karatu iri guda kusan tare suke tafiya a albashi har sai an haifi ɗan fari, daga nan hanya ke rabuwa, saboda ayyukan da sunka fi tsoka su ne masu cinye mutum dare da rana ba Asabar ba Lahadi. In haka ne a inda mace ke haihuwa ɗaya ko biyu bayan ta kai talatin, to ina ga mu da ake aure da wuri kuma ana son zuri'a? Dokar ƙwadago ta Najeriya sati 12 ta ba mai haihuwa, shida kafin shida bayan, da aƙalla rabin albashi in ta kai wata shida a aikin, sai rabin awa sau biyu a yini na shayarwa. Ma'aunin ƙungiyar ƙwadago ta duniya sati 14 ne, gwamnatin tarayya na ba ma'aikatanta mata sati 16, a 2021 kuma ta amince da kwana 14 ga magidancin da anka yi wa haihuwa. Manyan kamfunna da dama sun wuce dokar a takarda, madalla. Amma rabin awar shayarwa mi za ta yi wa wadda jaririnta ke Arkilla ita tana difo a wancan gefen gari, ba ɗakin reno ba wurin tatsa? Kuma wannan dokar da ta zo tun shekarun 1970 har yau tana ɗauke da sashen da ya hana mace aikin dare a masana'anta, an yi shi ne don kariya amma ya zama hujjar ƙin ɗaukar injiniya mace a wurin da ake aikin karɓa-karɓa.

Akwai abin da ban taɓa ganinsa cikin littafin wani kamfani ba, takaba. Wata abokiyar aikina mijinta ya rasu, littafi ya ba ta 'yan kwanaki na zaman makoki, takaba kuwa wata huɗu da kwana goma ce, a hedikwata ba wanda ya taɓa jin kalmar. Malamai sun yi bayani kan fitar lalura da rana, amma aikinta na kwana a hanya ne, Birnin Kabi yau Gusau gobe. Manajanmu na lokacin kirista ne ɗan kudu, Allah Ya saka masa, shi ya zauna ya ji bayani ya mayar da ita aikin lissafi na rana har ta fita. Na daɗe ina tunanin wannan. Da wani ne a kujerar da ta rasa miji ta rasa aiki cikin wata guda da marayu a gabanta. Kirkin mutum guda ne ya cece ta, shi kuwa bayan shekara anka yi masa taransifa.

Hawa sama kuma wani dutsen ne. Ƙarin girma a irin kamfunnan nan sai ka yarda a jefa ka Fatakwal ko Akara ko Nairobi, namiji zai ɗauki jaka ya bar iyali, matar aure mai goyo fa? Shawarar gaske sau da yawa ba a ɗakin mitin ake yanke ta ba, bayan an tashi ne a otal ko kulob inda ni ba zan je ba, da safe sai dai in ji an gama. Hanyoyinmu ma sun shigo ciki, wanda ya san halin da gabashin jihar nan ke ciki wajen Isa da Sabon Birni ya san ba maigidan da zai saki matarsa cikin kwanciyar rai, kuma maimakon a gyara tsarin tafiyar ga kowa sai a ce kun gani mace ba ta iya aikin fili. Sai cin zarafi, wanda ba a son faɗa. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniya ta 190 ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya kan wannan a 2022, kamfunna kuma suna da lambar kai ƙara a asirce, amma lambar na kaiwa wata ƙasa ne da turanci, kuma yarinyarmu ta san ranar da maganar ta kai kunnen gida ita za a fara cewa ta ajiye aikin, ƙila ma ya taɓa aurenta. Shiru take yi ta rubuta takardar ajiye aiki ta ce dalilin iyali, a rahoto kuma a rubuta cewa ba a samu ƙorafi ba.

Nakasassu kam ko a bakin ƙofar ba a kai ba. Dokar da Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta hana nuna musu bambanci ta ba gine-gine shekara biyar su gyara, kashi 5 cikin 100 na guraben aiki da ta ambata kuwa na hukumomin gwamnati ne. A garin da shan inna ya bar mutane da yawa kan keke, ofis mai matakala goma ba gangara ya riga ya ba da amsa. Kuma in faɗi namu laifin, mu ma a reshen nan sau nawa mitin ke juyewa zuwa Hausa a bar abokin aiki Ibo ko Bayarabe yana kallon bakinmu, sau nawa ake sa aikin gaggawa ranar Lahadi da safe ba a tuna da mai zuwa coci ba? Abin da ke mana ciwo a Legas shi ke musu ciwo a nan.

Maza kuma suna da ƙorafinsu kuma bai kamata a toshe kunne ba. Saurayin da ya shekara biyar yana yawo da takardu ya ga an rubuta an fi son mata, dole ransa ya sosu, kuma in anka ɗora mace a kujera don cika lamba ba a shirya ta ba ita ce za ta fara shan wuya, kowa na jiran ta faɗi a ce dama. Ko a Norwe binciken da anka yi daga baya ya nuna kujerun daraktoci sun cika da mata ƙwararru amma amfanin bai gangaro sosai ga sauran matan da ke ƙasa ba. Taron horaswa na dole ma da ake tara mu ana mana lacca ba shi ne ba, masu bincike Dobbin da Kalev sun bi kamfunna sama da 800 a Amurka na kusan shekara 30, a 2016 sunka bayyana cewa horon tilas bai ƙara yawan mata a manajoji ba, wasu rukunin ma raguwa sunka yi, abin da ya yi aiki shi ne a haɗa ƙaramin ma'aikaci da babba mai jan hannunsa, a je makarantu a nemo mutane da gangan, a kuma sa wani takamaimai da za a tambaya in abin bai motsa ba. Wannan ya yi daidai da abin da idona ya gani. A lika kowane gurbi a fili maimakon a raɗa wa ɗan gida, a yi wa kowa tambaya iri guda a intabiyu, a kawo jarabawar Sakkwato ko Kano, a zo jami'ar Danfodiyo da kwalejin Umaru Ali Shinkafi tun yara na aji ukku, ba wanda anka zalunta da waɗannan, namijin Tambuwal ma ya ci moriya.

Amma fa ba a fafe gora ranar tafiya, kuma nan ne maganar ta dawo gidajenmu. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa a rahotonta na 2022 ta sa jihar nan a gaba wajen talauci mai fuskoki da yawa, kashi 91 cikin 100, kuma rashin zuwa makaranta na cikin abin da anka auna. Kamfani ko ya zo da niyya mai kyau ba zai ɗauki injiniyar da ba a bari ta gama sakandare ba. Muna son likita mace ta duba matanmu, muna son mace a kanta a banki, amma ɗiyar wa za ta yi karatun? Abin na ba ni mamaki a garin Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864 ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta naɗa jajis ta ɗora musu malfa suna jagorantar 'yan taru daga ƙauyuka suna zuwa ɗaukar karatu suna komawa su koyar, mahaifinta Shehu kuwa ya yi kakkausar magana kan malaman da ke barin matansu da ɗiyansu cikin jahilci. Nana Khadija ma attajira ce mai ɗaukar mutane su kai mata haja Sham. Na san abin da ke tsorata mutanenmu, da an ji kalmar jinsi sai a tuna da wasu abubuwan da ke cikin manufofin Turawa waɗanda addininmu da dokar ƙasar nan ba su yarda da su ba, kuma tsoron ba daga sama ya faɗo ba. Amma kaya ne cikin buhu, ana zazzagewa a zaɓa. Hutun haihuwa da cikakken albashi, wurin sallah da na alwala na mata, a biya mace abin da anka biya namiji kan aiki guda, a hukunta wanda ya taɓa mutuncinta, wanne ne cikin waɗannan baƙo a wurinmu?

Wani abin da ya kamata masu neman aiki su sani shi ne can inda abin ya taso iska ta juya. Bayan kisan George Floyd, baƙar fatan da ɗan sanda ya kashe a 2020, kamfunnan Amurka sun yi ta rige-rigen alkawari, a Yunin 2023 kotun ƙolinsu ta soke duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'a, a Janairun 2025 Trump na hawa ya sa hannu a umarnin rufe shirye-shiryen DEI a gwamnatin tarayya, Walmart da Meta da McDonald's duk sun janye ko sun rage nasu, Costco kuwa masu hannun jarinsa sama da kashi 98 cikin 100 sunka ƙi yarda a taɓa. Turai tana nan kan dokarta. Mu a nan majalisar dattawa ta yi watsi da ƙudurin daidaita dama tsakanin maza da mata a 2016, a Maris ɗin 2022 ma majalisar tarayya ta kayar da ƙudurorin mata biyar wajen gyaran tsarin mulki, don haka ba wata doka mai ƙarfi da za ta riƙe kamfani in uwarsa ta canza ra'ayi. Abin da ke rataye da ra'ayin hedikwata ko kirkin manaja imel guda ke share shi. Wanda ke cikin takardar ɗaukar aikinki da yarjejeniyar ƙungiyar ma'aikata shi za ki iya ɗauka ki kai kotun ma'aikata.

Shi ya sa da ɗiyar yayana ta zo gida ranar Asabar na zaunar da ita na ce in Allah Ya sa kin kai intabiyu sunka ce kina da tambaya kar ki ce babu. Ki tambaye su wannan aikin na kamfani ne kai tsaye ko ta hannun ɗan kwangila, hutun haihuwa sati nawa ne kuma albashi nawa ake biya a ciki, mata nawa ne manajoji a yankin Arewa ba a ƙasa gaba ɗaya ba, in anka samu matsala wa ake kai wa ƙara kuma da wane yare. Ta ce "Gwaggo ba za su ce na cika baki ba?" Na ce yadda za su amsa shi zai nuna miki irin gidan da za ki shiga. Babanta da farko ya ce Legas dai a'a, munka yi ta magana har bayan isha'i, ƙarshe ya ce in an kira ta ƙanensa zai raka ta su sauka wurin 'yan uwa a Agege. Ta cika fom ɗin daren nan. Jarabawar ranar Alhamis ce ƙarfe goma, mun samo mata wani shago a Runjin Sambo mai sola, za ta je da layi biyu ko ɗaya ya ɗauke.